Nasiha ga Jama'ar Alakos a Kan Haɗin Kan Masu Bin Almasihu

Ya ku dattawa da sarakuna da malamai, maza da mata, na Alakos da Kutus da Muniyo har zuwa birnin Damagaram, wannan nasiha tana fuskantar masu bin Almasihu da ke zaune cikinmu, ko da yake maƙwabtansu Musulmi ma suna da rabo a cikinta, domin fitinar da ta shiga gida guda ba ta rasa taɓa unguwa.

Ku sani, ya 'yan'uwa, bishara ta shigo ƙasar nan ta ƙofa biyu. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafu a Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika kuwa suka kafa mishan ɗinsu a Yamai a 1931, har aka wayi gari a 2001 Maraɗi ta sami bishop nata, wanda Damagaram da Gure ke ƙarƙashin kulawarsa. Wannan saɓani tsakanin Katolika da Furotesta gadonsa muka yi daga Turai, inda aka yi ƙarnuka ana jayayya a kansa tun kafin kakanninmu su ji labarinsa, saboda haka babu mai zarginmu da ƙirƙiro shi. Amma wanda ya biyo baya namu ne: ikkilisiyar EERN, wadda aka kafa a farkon mulkin kai, ta yi kimanin shekara talatin tana tsintsiya ɗaya, sa'an nan ta dare, ikkilisiyoyin UEEPN da Salama suka fita, alhali aƙida ɗaya ce, baftisma ɗaya ce, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, shi ne a hannun kowa. Abin da ya raba su galibi shugabanci ne da riƙon dukiya, kuma wannan irin ta'assubancin ne manzo Bulus ya tsawata wa mutanen Koranti a kansa.

Wanda ya manta da illar rarraba, sai ya tuna da ranar Juma'a, 16 ga Janairun 2015, sa'ad da fushin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ya sauka a kan mutanen da ba su zana ba, ba su kuma yarda da zanen ba. A Damagaram aka fara, kashegari Yamai ta ɗauka, inda hukuma ta ƙirga majami'u 45 da aka ƙone, mutum goma kuma suka rasu a biranen biyu. Masu cinna wutar ba su tsaya karanta allon da ke bakin ƙofa ba don su san ko ta fada ce ko ta fasto. Waɗanda suka fake a barikin soja na Damagaram kuwa, da mai riƙe da carbin Katolika da wanda ya daɗe yana kushe carbin, inuwa ɗaya suka raba. Kada kuma a manta da Musulmin da suka buɗe zaurukansu suka ɓoye maƙwabta, domin sun cika haƙƙin maƙwabtaka a ranar da cika shi yake da hatsari.

To, idan har tsoro ya iya haɗa ku cikin yini guda, ashe abin kunya ne ƙauna ta kasa haɗa ku cikin zaman lafiya, musamman da yake bisa ƙidayar 2012 ba ku kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. A karkara irin tamu, inda mai bi sau da yawa malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti da aiki ya kawo daga nesa, mutum uku su ƙi yin addu'a tare don ɗarikunsu sun bambanta, wannan ai ganganci ne.

Ba a ce kowa ya bar abin da lamirinsa ya tabbata a kai ba, gama ittifaƙin da aka gina bisa munafunci ba ya daɗewa. Abin da ake nema a fili yake. Fasto ya daina zawarcin tumakin ɗan'uwansa da alkawarin buhun hatsi. Mai wa'azi ya kame harshensa daga kafirta wanda suka yi tarayya da shi cikin sunan Almasihu. Idan an yi rasuwa, a taru a haƙa kabari ba tare da tambayar takardar baftisma ba. Idan fari ya zo, a raba taimako bisa ga yunwar mutum, Kirista ne ko Musulmi. Ku yi koyi da Zumuntar Mata, waɗanda idan wata ta haihu sukan iso da itace da sabulu da kunun kanwa tun shugabanni ba su gama shawarar wanda zai buɗe taro da addu'a ba.

Kuna da ƙawancen AMEEN da ya tattara ikkilisiyoyin bishara, kuna kuma da makon addu'ar haɗin kai daga 18 zuwa 25 ga Janairu kowace shekara. Ku raya su da ziyara da neman gafara, wanda ya girme shi ne zai fara takawa. Allah ya daidaita tsakaninmu, ya kiyaye ƙasarmu daga fitina, ya ba mu damina mai albarka. Amin.