Zamewa Ba Karyewa Ba Ce

Wata rana, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, na tashi daga gidan rediyo ina tsallaka gada daga Omdurman zuwa Khartoum, sai gilashin ƙofar motata ya karkace ya faɗa ciki. Ga zafin watan Mayu, ga guguwar ƙura ta taso.

Bakanike na farko ko taɓa ƙofar bai yi ba, ya ce sai na sayi sabon injin gilashi. Na biyu wani dattijo ne Bahaushe, wanda kakanninsa suka yada zango a Sudan kan hanyarsu ta Makka. Ya kwance murfin ƙofar, ya leƙa, ya ce: "Ɗana, babu abin da ya karye. Zamewa ya yi daga layinsa." Ya share rairayin da ya cushe layin, ya shafa giris, ya mayar da gilashin, ya ɗaure noti ɗaya.

Tun ranar nake tambayar kaina: mutum nawa muka yar, alhali zamewa kawai suka yi? Yaro ya faɗa shaye-shaye, mu ce ya lalace, mu shafa fatiha. Yanke hukunci ba ya cin lokaci. Buɗewa a leƙa ne ke buƙatar haƙuri. Ban ce babu karyayye ba. Amma wanda bai duba ba, da wane baki zai faɗa?

A daren nan na kira ƙanena, wanda na daɗe da daina ɗaga wayarsa.