Kada Ka Nemi Hankalin Babba a Wurin Yaro

Ɗana, tunda Allah Ya ba ka iyali, zo in gaya maka abin da ke haddasa kuka a gidaje da yawa. Muna neman hankalin ɗan shekara goma a wurin ɗan shekara huɗu, in ba mu samu ba sai mu ce yaron ya cika taurin kai, mu ɗauko bulala.

Ka gwada wani abu yau da yamma. Ka samo kofi biyu iri ɗaya, ka zuba musu ruwa daidai wa daida, har ƙaraminka ya yarda ba wanda ya fi wani. Sannan a kan idonsa ka juye ɗaya cikin kwalba doguwa siririya, ka tambaye shi wanne ya fi yawa. Zai nuna kwalbar, kuma ba za ka iya musa masa ba. Wansa mai shekara bakwai ko takwas kuwa dariya zai yi, ya ce ai ruwan ɗazu ne. Wannan gwajin Jean Piaget ne, masani ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, wanda ya nuna cewa tunanin yaro hawa-hawa yake girma. Ƙaramin ba wawa ba ne, tsayin ruwan kawai idonsa ya kama. Tsawa ba za ta kawo masa fahimtar da lokacinta bai yi ba. Ka lura ma, addininmu sai a shekara bakwai ya ce a fara umartar yaro da salla.

Kafin hankali kuwa akwai shaƙuwa. A 1954 wata masaniya, Mary Ainsworth, ta fara shiga gidajen ƙauyukan da ke kusa da Kamfala a Yuganda tana kallon uwaye da jariransu. Abin da ta gani shi ne, jaririn da uwarsa ke saurin amsa kukansa shi ne ya fi sakin jiki ya rarrafa ya yi wasa, yana waiwayen uwar jefi-jefi. Saboda haka in ka ji ana cewa ɗaukar jariri da ya yi kuka sangarta shi ne, kada ka biye. Haka ranar yaye: in za a kai shi gidan kaka, a kai shi wurin kakar da ya saba da ita tun da daɗewa, ba a yanke masa nono da fuskar da ya sani a rana ɗaya ba. Kai ma kada kunyar ɗan fari ta hana ka goya shi a kafaɗa.

Samartaka ita ce za ta fi gwada haƙurinka. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa za ka ga saurayi da gemu, murya ta buɗe, amma ya tayar da babur kamar ransa biyu. Erik Erikson, wanda ya kasa rayuwa zango takwas a 1950, ya ce aikin wannan zango shi ne mutum ya gano ko shi wane ne. Gardamar da saurayin yake maka daga nan take. Ka kafa masa iyaka, amma ka ba shi sana'a ko wani nauyi da zai ce nasa ne.

Girman bai tsaya nan ba. A zango na ƙarshe, in ji Erikson, tsoho waiwaye yake yi yana auna ko rayuwarsa ta yi amfani. Don haka in mahaifinka ya sake ɗauko labarin da ka ji sau ba adadi, ajiye wayar nan ka zauna ka saurare shi har ya kai aya. Allah Ya raya maka zuri'a.