Sharhi a Kan Raɗa wa Ɗa Sunan Muhammadu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da Annabi Adamu sunaye dukkansu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai tambayar da masu sabuwar haihuwa sukan kawo mini, a zawiya ko a ƙofar gida, kafin kwana bakwai su cika. Wani ya ce: Malam, Allah ya ba ni ɗa namiji, raina yana son Muhammadu, amma ina tsoro. Yaro ne, zai yi ƙiriniya, za a zage shi, watakila ma ya girma ya ƙi hanya, ashe ban jawo wa sunan wulaƙanci ba? Wani kuma damuwarsa daban take. Ya ce: a unguwarmu kowane gida da Mamman, mene ne amfanin sunan da ba ya bambanta mai shi da sauran mutane?

Na farkon yana da magabaci a cikin tsoronsa. Imamu Ahmadu ya kawo labarin cewa Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya ji ana aibata wani mutum mai suna Muhammadu, ana kiran sunan ana haɗawa da mugun baki. Abin ya yi masa zafi, ya kira mutumin ya canja masa suna zuwa Abdurrahmani. Daga nan ya aika wa 'ya'yan Ɗalha don su ma ya canja musu. Sai babbansu, Muhammadu ɗan Ɗalha, ya rantse masa cewa Manzon Allah da kansa ya sa masa wannan suna. Nan take Umaru ya sallame su, bai taɓa sunan ba.

Ka duba, ya ɗan'uwa, ladabi biyu a wuri guda. Kishin sunan ne ya tashe shi, girman wanda ya raɗa sunan kuma ya zaunar da shi. Ga shi kuwa ya inganta a Buhari da Muslimu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izni a sa sunansa. Saboda haka nake ce wa mai tsoro: sa sunan, amma ka riƙe tsoron naka kada ka yar, domin shi zai tsare maka harshe ranar da yaron ya fasa tulu ko ya ƙi aike.

Magabatanmu sun gane wannan, suka yi masa dabara mai kyau, wato laƙabi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da Muhammadu Sambo, da Muhammadu Buhari, da Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1837. Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya yarda da shi, da ya rasu a Fas a 1815, 'ya'yansa maza biyu da ya bari duka Muhammadu ne, Kabiru da Habibu. Haka talakawa suka bi sawu. Na fari Lawal, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har a kai Ashiru idan Allah ya yalwata gidan. Waɗannan ƙidaya ce ta Larabci, na ɗaya, na biyu, na uku. To, na biyun wa? Muhammadu na biyu. Idan uwa ta fusata ta daka tsawa, Sani ne ya sha faɗa, sunan yanka yana lulluɓe a ƙarƙashi kamar Alƙur'ani a cikin gafaka. Irin kunyar nan ce ta hana matar gida kiran sunan surukinta, har ɗan da aka mayar wa sunan ya koma Abba ko Baba. Idan an yi wa kaka wannan kara, ina ga Fiyayyen Halitta?

Sai dai dabarar tana da nata ciwo. Ka je Maraɗi ko Damagaram ko Zangon Kumasi, za ka sami Sani da Rabi'u da furfura a gemu, takardunsu ba su san Muhammadu ba, su ma ba su sani ba. Gafaka ta rage, an manta abin da ke ciki. Ban damu da yadda ma'aikacin gwamnati ya rubuta shi da haruffan Faransanci ko na Ingilishi ba, Mamman ne ko Mahamadu, duk gida ɗaya suke komawa. Abin da ke damuna uban da bai taɓa zaunar da ɗansa ya gaya masa sunan wa yake ɗauke da shi ba.

Amma mai neman sunan da ba kowa ke da shi ba, ina yi masa nasiha ya binciki zuciyarsa. Yau mutum yakan tsinto suna a wayar hannu ko a fim, don dai ya ji amon Larabci a cikinsa, bai tambayi ma'ana ba. Alhali suna yana bin mai shi. Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya so ya canja wa kakan Sa'idu ɗan Musayyabi suna daga Hazanu, mai ma'anar tsauri, zuwa Sahalu, mai ma'anar sauƙi. Tsohon ya ƙi barin sunan da ubansa ya sa masa, Sa'idu kuwa ya ba da labari cewa tsaurin bai bar zuriyarsu ba. Sunayen da Allah ya fi so, kamar yadda ya zo a Muslimu, su ne Abdullahi da Abdurrahmani, dukansu bawa suke cewa, kuma ba garin Musulmi da ba a cike yake da su ba. Annabi da aka haifa masa ɗa a Madina, tsohon suna ya ɗauko, na kakansa Ibrahimu. A ganina, sau da yawa uba ne yake son a san da shi, sai ya bi ta kan jariri. Muhammadu nawa aka haifa a zamanin Bello? Ilmi da aiki suka fitar da shi daga cikinsu.

Yanzu sai in juyo gare mu, mu masu da'awar soyayya, don namu laifin ya fi ɓoyuwa. Alƙali Iyali ya kawo a cikin Ashafa cewa Imamu Maliku ya ji mutanen Makka suna ambaton albarka da arziki ga gidan da ke da mai suna Muhammadu. Muna fatan haka, kuma muna kyautata zato ga Allah. Amma maganar da ake yawo da ita cewa duk mai wannan suna wuta ba za ta ci shi ba, malaman hadisi irin su Ibnul Jauzi sun lissafa ta cikin ƙagaggu. Suna ba ya yi wa mai shi salla. Ɗan Annabi Nuhu a gidan annabci ya tashi, ruwa kuma ya ci shi. Mutum ya yanka rago, ya raba goro da dabino, ya sa wa ɗansa Muhammadu, ko Tijjani, ko Barhama don ƙaunar Shehu Ibrahimu Inyas, sa'an nan bayan shekara shida ya tura shi wani gari bai san inda yake kwana ba, bai san ko ya ci ba, bai san ko allonsa ya wuce Fatiha ba. Wace irin soyayya ce wannan? Mu ma da muke korar almajiri daga ƙofar gida da tsawa, da za mu tsaya mu tambaye shi sunansa, da yawanmu sai kunya ta kama mu.

Ga abin da nake gaya wa mai haihuwa. Ka yi wa jariri kiran salla a kunnen dama da iƙama a na hagu. Rana ta bakwai ka yanka, wanzami ya yi aski, a yi sadaka da kimar nauyin gashin. Amma tun daren suna, kafin jama'a su taru su ce Allah ya raya, ka zauna da uwar ɗan ku zaɓi laƙabin da za a riƙa kiransa da shi a tsakar gida, ku yi alkawari ba mai haɗa ko da laƙabin da ashar ko tsinuwa. Ranar da ya kai shekara bakwai kuka umurce shi da salla, ka kira shi da cikakken sunansa na yanka, ka ba shi labarin mai sunan.