Alƙur'anin da aka buga a birnin ruwa

Matafiyin da ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia a Venis, ruwa ne zai tare shi a bakin ƙofa. Babu mota, babu babur, sai kwalekwale da jiragen haya, da gadoji sama da 400 da suka haɗa tsibirai 118. Yawancin benaye suna tsaye ne kan turakun itace da aka kakkafa cikin laka.

Fatauci ne ya gina wannan birni na Italiya, kuma fataken ba su bar ko kayan addini ba. A shekarar 828 wasu 'yan kasuwa biyu suka sato gawar Markus, marubucin ɗaya daga cikin littattafan Linjila, daga Iskandariyya. An ce naman alade suka lulluɓe ta da shi don kada jami'an kwastan Musulmi su bincika. Mutanen Venis ba su ji kunyar labarin ba. Zanensa na nan a gaban cocin San Marko, ga masu rawani suna kawar da kai.

Abin da ya fi ɗaure wa Musulmi kai ya faru ne wajen 1537 zuwa 1538. A nan Paganino Paganini da ɗansa Alessandro, Kiristoci masu maɗaba'a, suka fara buga Alƙur'ani cikakke da Larabci, da alama don su sayar a Daular Usmaniyya. Kasuwa ba ta yi ba. Bugun ya cika da kurakurai, musamman a haruffan da ɗigo kawai ke bambanta su, kuma ya ɓace har aka ɗauka babu sauransa. Sai a 1987 mai bincike Angela Nuovo ta gano kwafi guda a laburaren 'yan zuhudu a San Michele, tsibirin da ake binne matattun birnin.

To, ina laifin nasu yake? Mai saurin hukunci zai ce niyya ce ta ɓaci, tunda riba suka nema. Amma ai alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka a Borno ko Kano ana ba shi ladan aikinsa, ba wanda ya ce rubutun ya gurɓata. Bambancin shi ne alaramma ya ɗauko karatu daga bakin malami, kuma gardawa za su bi rubutun shafi-shafi su kama ko da wasali ɗaya ne ya kauce. Su Paganini sun mallaki injin da takarda mai kyau, amma babu alamar wani mahaddaci ya duba musu aikin.

Injin kuwa daga baya ya samu karɓuwa. Bugun Alƙahira na 1924, wanda kwamitin malamai ya tantance a kan ruwayar Hafs, shi ne ya zama madogarar yawancin kwafin da ake bugawa a yau, kuma ana saye ana sayarwa ba tare da gardama ba.