Ranar da Iliya Ya Kwanta a Gindin Bishiya

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Wataƙila yau ma da ƙyar ka buɗe wannan ɗan littafi. Damina ta kankama, maƙwabta sun fita noman farko, kai kuwa kana kwance a ɗaki, ciyawa na cin masararka. Abinci ba ya shiga, barci ko ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, addu'a ta yi maka nauyi a baki. Alhali watanni kaɗan baya kai ne ba ka barci, kana magana ba tsayawa, ka ci bashin taki, ka kama hayar gonaki fiye da ƙarfinka. Idan ka sha wannan hawa da sauka, abin yana da suna. Likitoci na kiransa baifola. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke ɗaga mutum sama na wani lokaci, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki na makonni ko watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 40 ke fama da shi a 2019.

Littafi Mai Tsarki bai ce Iliya na da wannan ciwo ba, amma ya nuna mana yadda Allah ke bi da bawansa idan ya faɗi ƙasa. Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama. Bayan wannan nasara, saƙon Yezebel ya kore shi. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin bishiya, ya roƙi mutuwa.

Me Ubangiji ya yi masa? Bai tsawata masa a kan rashin bangaskiya ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa, har sau biyu. Sai da ya sami ƙarfi ya kai Horeb, sannan Allah ya tambaye shi damuwarsa, ya saurare shi. Iliya na ganin shi kaɗai ya rage, Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Ga abin da wannan ke koya maka.

Na farko, karɓi maganinka kamar yadda Iliya ya karɓi gurasa. Allahn da ke warkarwa nan take shi ne ya sa Ishaya ya umarta a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Luka kansa likita ne. Fara daga babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Shika, kan hanyar Zariya, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Gaya wa likita labarin hawan ma, kada ka faɗi na saukar kaɗai, domin maganin damuwa shi kaɗai na iya mai da kai cikin hawan nan mai haɗari. Saboda haka kada ka saya da kanka a kemis. Magani kan ɗauki makonni kafin ya nuna, kamar taki a gindin dawa. Kada ka watsar da shi ranar da ka ji sauƙi, ko da bayan an ɗora maka hannu ne. 'Yar'uwa, in kina da ciki ko kina fata, gaya wa likita, don wasu magungunan na cutar da jariri.

Na biyu, kiyaye barci da abinci. Rashin barci na tayar da wannan ciwo. In ikkilisiya ta sa addu'ar dare, yi taka da yamma ka kwanta a kan lokaci. Ubangiji na jin ka. Idan kana shan litiyam, azumi ba ruwa a zafin bazara na iya sa maganin ya taru a jini, don haka tambayi likita kafin ka shiga azumi. Nisanci burukutu, wiwi da tramol.

Na uku, kada ka bar baranka a Biyer-sheba. Zaɓi mutum ɗaya, matarka, ɗan'uwanka ko dattijon ikkilisiya, wanda zai san alamunka. Kullum yi ƙaramin abu guda: wanka, zama a rana da safe, kunya biyu a gona. Kada ka sayar da gona ko ka yanke shawarar aure cikin wannan duhu.

Na huɗu, idan tunanin mutuwa ya zo, faɗe shi yau, kada ka bari sai gobe. Ka ba wani mabuɗin inda ake ajiye maganin feshi da na ciyawa, a raka ka asibiti. Muryar da ke ce maka iyalinka za su huta idan ba ka, ciwon ne ke magana, kuma ƙarya ce.

Ku kuma 'yan'uwa a ikkilisiya, kada ku kira shi mahaukaci, kada a ɗaure shi da mari. Tun Janairun 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke kare mutuncin irinsa. Zumuntar Mata ta kai tuwo, matasa su yi masa gayya a gona, a haɗa kuɗin mota zuwa Shika. Ku ne mala'ikan da aka aiko.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka ciyar da Iliya a jeji, ka dube ni a inda nake kwance. Ka sa albarka a maganina, ka ba ni barci mai daɗi, ka aiko mini Elisha nawa. Ruhu Mai Tsarki, riƙe ni har gari ya waye. Cikin sunan Yesu, amin.