Tafiyar da Ba Ta da Suna

A Gangara kowace fita tana da sunanta: cin kasuwa, biki, gaisuwar mutuwa, ko cin rani bayan an kai gero rumbu. Wadda ba ta da suna ita ake kira yawo. Magidancin da ya kwashi iyalinsa domin kawai su je su ga wuri, sai a ce kuɗi ne suka yi masa yawa.

Shin gani shi kansa ba buƙata ba ne? Malami yakan rubuta wa yara a allo cewa ƙololuwar Bagzan, cikin duwatsun Abzin, ta kai mita 2,022. Yaron da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi zai haddace adadin sarai, amma idonsa bai taɓa hawa abin da ya wuce tsawon gawo ba. Turawa kuwa sun yi ta ƙetaro teku domin ganin lambunan Timiya da ruwanta mai zubowa daga dutse, kafin tawayen 2007 ya katse zuwansu. Babu wanda ya ce da su mashiririta. Manyan baƙi muka kira su.

Gaskiya ne Abzin da nisa take, kuɗin mota kuma ba wasa ba. Amma ga tafkin Madarumfa nan kudu da Maraɗi. To, a ce an tashi zuwa can: wa za a bari a gida da daka da ɗiban ruwa? Galibi uwar yaran ce, wadda rabonta da barin gari tun bikin ƙanwarta.