Bashi Da Sharaɗin Kare Muhalli: Adalci Ne Ko Takura?



Manomanmu na Masama, Gwandu da Kalgo, ga tambaya: idan banki ya ce ba zai ba ka rance ba sai ka yarda da sharaɗin kare ƙasa da ruwa, ya kyauta maka ko ya takura ka?

Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya shimfiɗa wa bankuna ƙa'idoji tara, ciki har da duba illar da sana'a za ta yi wa muhalli da jama'a kafin a saki kuɗi. A Nuwamba 2015 kuma, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers. Sai ambaliyar 2020 ta shanye gonaki masu yawa a jihar nan, amfani ya tafi, bashi ya tsaya a wuyan mutane. To ka ga, jarin manomi na farko ƙasa ce da ruwa. In suka juya masa baya, da mai bayarwa da mai karɓa duk asara za su kwasa.

Ɗauki misalin noman rani. Injin fetur yana da sauƙin saye, amma kullum sai ya sha mai, kuma tun cire tallafi a Mayu 2023 man nan ke cinye ribar mai albasa da mai shinkafa. Injin sola yana da tsada a karon farko, daga nan rana ce ke aiki. Idan mai ba da bashi ya ce sola za ka saya, sana'arka ya tsare. Amma a kula: don rana kyauta ce, ba dalili ba ne ka bar inji yana zuƙa tun safe har magariba, rijiyar maƙwabcinka ta ƙafe. Ruwan fadama haƙƙin kowa ne, kuma shari'a ba ta yarda ka ci riba da cutar da wani ba.

Don haka sharaɗin a kan kansa daidai ne. Wanda ya ba da kuɗi alhali ya san za a yi ɓarna da su, yana da kamasho a cikin laifin. Sai dai sharaɗi ba ya zama adalci sai da abu uku.

Na ɗaya, a nisanci riba. Banki ya sayi injin ya sayar maka da farashi sananne, wato murabaha, irin cinikin da bankin Jaiz ke yi.

Na biyu, a tsara biya bayan girbi, a raba shi kaka da kaka. Injin da zai yi shekaru yana aiki ba a neman kuɗinsa cikin wata shida.

Na uku, kada sharaɗin ya kori talaka. Matar da ke turara shinkafa da itace, in an ce ta daina, a haɗa mata da murhun ƙaiƙayi a cikin bashin. In ba haka ba, manya ne kaɗai za su amfana.

Kai kuma ɗan uwa mai karɓa, bashi amana ne, ba ganima ba. Kada ka sayar da injin ka yi hidimar biki. Rashin biyanka ne ke rufe wa na bayanka ƙofa, kuma akwai hisabi.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya yaye mana nauyin bashi.